Ranar da na juya wa surukina baya a tsakiyar kogi

Shekarun baya, shekarar da mai ɗakina ta haifi ɗanmu na biyu, na taɓa shiga jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda ake biyan kuɗinsa haɗe da na abinci. Na san waɗanda suka san ni a kasuwar Agiye za su ce ƙarya nake yi. Ni ɗan kasuwar wake ne, kuma ba na musu, hannun jarirai gare ni. Mutumin da yake zuwa kasuwar Gangara da ƙuli-ƙuli a aljihu don kada ya sayi abincin rana, me zai kai shi yawo a kan ruwa? To, surukina ne ya kai ni.

Surukina manomi ne a Gidan Sori, dogon dattijo marar yawan magana, wanda ko a shekarunsa ba a riga shi shiga gona. Da surukata ta rasu a daminar da ta gabata, sai ya fara ramewa. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, abinci ne kawai ba ya ci. A kai masa tuwo ya gutsiri loma biyu ya rufe, a dama masa fura ta kwana a ƙwarya. An kai shi asibiti a Gidan Rumji, an kai shi Maradi, daga can aka ce a gwada Yamai. 'Ya'yansa maza duk suna ci-rani, mai ɗakina kuma tana jego, don haka tafiya ta faɗo kaina. Ranar da zan tashi ta riƙe bakin rigata tana hawaye ta ce, "Don Allah ka tabbata ya ci wani abu. In ya ci gaba haka, ba shi kai kaka."

Na ce in sha Allahu, amma a raina na san ta ɗora mini babban aiki. Kun dai san yadda muke da surukai. In na je gidansa tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa. Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Abincina a zaure ake ajiye mini, shi kuma nasa a ɗakinsa. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa ganin bakinsa yana tauna ba, shi ma bai taɓa ganin nawa ba. A hanya duk inda mota ta tsaya sai in sayi tsire da burodi in ajiye kusa da shi, in zagaya bayan mota in ci nawa a tsaye kamar ɓarawo. In na dawo sai in tarar da nasa a ƙulle yadda na bar shi.

A Yamai muka sauka gidan wani abokina da muka yi lakol, wato makarantar boko, tare, yana aikin buro, wato ofis, a can. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Ƙarshe likita ya kira ni gefe ya ce bai ga wata cuta ba sai ƙarancin jini da rashin ƙarfi, maganin wannan tsoho yana cikin tukunya.  Da allura ce da na saya ko nawa take, amma ta yaya ake sa mutum ya so abinci?

Abokin nan nawa ne ya kawo shawarar jirgi. Ya ce akwai masu ɗaukar mutane yawo a kan kogi tun hantsi har la'asar, a dafa musu abinci a ciki. Ya ce, "Ka kai shi ya sha iska, mutumin da ya saba da sarari ka kulle shi cikin siminti." Muka je bakin ruwa, mai jirgi ya faɗi kuɗin mutum biyu, na ji kamar an mare ni. Na lissafa da wake a raina, na ga buhu ya kusa tafiya. Na ce masa ya cire kuɗin abinci, muna da guzurinmu. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, nan ba a raba jirgi da tukunya. Ka ci, kar ka ci, kuɗin ɗaya ne." Na biya, na kuma ƙudurta a raina cewa sai na ci kuɗina har da riba. Washegari ko koko ban sha ba, na bar cikina fayau don kada wani abu ya tare wuri.

Wautar da na yi ita ce, a zatona jirgin irin na talabijin ne, mai ɗakuna da lunguna, in abinci ya zo in sulale wani wuri in yi ɓarna. Da muka isa sai ga dogon kwale-kwale mai inji, da rumfar zana a sama, da tabarmi da matasai a ƙasa. Duk wanda ke ciki yana ganin kowa. Aka nuna mana tabarmarmu, ni da surukina, gwiwata na kusan taɓa tasa.

Kogin kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Mu mutanen tudu ne, ruwanmu na rijiya ne da tafkin damina, ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka yana tafiya abinsa ba. Tsoho yana ta kallon gonakin shinkafa da lambuna a gaɓa, can ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Waɗanga ba su jiran sama. Allah ya hore musu."

A bayan jirgin akwai wata Bazabarma mai girki, babbar mace mai fara'a, da murhun gawayi da tukwanenta. Ina ta leƙe in ga abin da za a ba mu, ban ga nama ba, ban ga kaza ba, na fara cewa an cuce ni. Ashe abincin namu yana cikin ruwa tukuna. Muna tsakiyar kogi ta ɗaga hannu ta kira wani masunci, ya matso da ƙaramin jirginsa, ta zaɓi giwan ruwa manya suna ta wutsil-wutsil. A gabanmu ta gyara su, ta tsaga, ta shafe su da tafarnuwa da citta da lemun tsami, ta ɗora a kan garwashi. Kawunan ta zuba a tukunya da tattasai da albasa. Jama'a, ni kifin da na sani busasshe ne, baƙi, mai wari, wanda ake marmasawa a miya. Ƙamshin da ya tashi daga bayan jirgin nan ban taɓa jin irinsa ba, cikina ya fara kiran ciroma har na ji kunya.

Bayan azahar aka kawo. Faranti ɗaya babba aka ajiye a tsakaninmu: farar shinkafa sabuwar sussuka, kifi guda a kwance a kai fatarsa ta yi ja, kwaɗon zogale a gefe, romo a kwano yana tururi, ga zoɓo mai sanyi. Kowa a jirgin ya sa hannu. Mu biyu muka zauna kamar an dasa mu.

Na ce, "Bismillah, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, na ƙoshi. Kai dai ka ci."

Na ce ni ma na ƙoshi. Allah ya yafe mini wannan ƙarya, don a daidai lokacin cikina ya sake yin ƙugi, kuma na tabbata ya ji.

Na saci kallonsa. Abin da na gani ya sa na manta da kuɗina gaba ɗaya. Idonsa na kan kifin, maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiyi yawu. Wata da watanni ana roƙon mutumin nan ya so abinci, yau ga shi yana so, kuma babu abin da ya tsaya tsakaninsa da shi sai ni. Na duba hagu ruwa, na duba dama ruwa. Da na iya iyo, wallahi da na faɗa.

Mai girki ta lura, ta zo ta tsuguna ta ce, "Lafiya? Kifina bai yi ba ne?" Na rage murya na ce surukina ne. Ta kama baki, ta yi 'yar dariya, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta ɗauko wani faranti ta raba abincin biyu, ta zare ƙayoyin gefen tsoho da hannunta, ta tsiyaya masa romo a kan shinkafa, ta koma wurin tukwanenta.

Ni kuma na ce, da ƙarfi don ya ji, an ce akwai dorina a wannan gefen, bari in duba. Na juya masa baya, na fuskanci ruwa, na bar farantina a inda yake. A rayuwata ban taɓa juya wa babba baya ba. Na ƙura wa ruwa ido, ba dorina ba alamarta, kunnuwana duk suna baya. Shiru. Can sai na ji ƙarar kwano. Sai na ji ya kurɓi romo. Ya ɗan tsaya, ya sake kurɓa, wannan karon doguwa. Ni da na zo cin riba, sai ga hawaye na zubo mini saboda kifin da ban ko ɗanɗana ba.

Ina nan zaune sai na ji motsi, na ji ana turo farantina ta gefen cinyata. Muryarsa ta ce, "Malam, ni ma na juya. Kunya ga ido take. Kai dubi dorinarka, ni in dubi tawa, mu ci."

Haka muka ci, shi yana kallon gabas ina kallon yamma. Kifin nan, tsokarsa fara fat, tana rabuwa da kanta a hannu, gishiri da yaji sun shiga har ƙashi. Romon yana sauka ka ji zufa ta karyo. Zogalen ba ɗaci, an murje shi da ƙuli mai kyau. Wani jirgi mai gudu ya wuce, igiyar ruwa ta girgiza mu, bayansa ya jingina da nawa. Na jira ya janye, bai janye ba. Ina jin ƙasusuwan bayansa ta cikin riga, ina jin yadda yake tauna.

A haka, ba tare da mun ga fuskar juna ba, ya yi mini maganar da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce, "Tsohuwa in ta kawo mani tuwo, zamnawa takai tana hira har in ƙare. Tun da ta tahi, kowa ya aje mani akushi sai ya ruga waje, kamar ya aje ma kura. Girmamawa ce, na sani. Amma tuwo ba shi wucewa mutum shi ɗai."  Bai jira amsata ba, ya ɗaga murya ya ce da mai girki, "Ɗiyata, akwai sauran romon ga?" Ta ce akwai, Baba, har da kai guda na ajiye maka.

Da muka sauka na kira mai ɗakina. Tambayarta ta farko, ya ci? Na ce ya ci har ya nemi ƙari. Ta ce, "A gabanka?" Na ce a'a, a bayana. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ta haɗa duka biyun.

Da muka koma Gidan Sori na faɗa wa mutanen gidan abin da ya ce. Daga ranar ba a sake barinsa da akushi shi kaɗai ba, jikoki ake tura masa su cika shi da surutu. Ni kuma duk sanda na je sayen wake ta wajen, sai ya sa a shimfiɗa tabarma a gindin bedi, wato dogon yaro, a kawo kwano biyu, mu juya wa juna baya. Karon farko wani maƙwabcinsa ya gan mu, ya tafi da sauri ya kira liman wai a zo a yi sulhu, tsoho da surukinsa sun ɓata. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya kai kakar da ake tsoron ba zai kai ba, ya kuma noma wasu damina bayanta da hannunsa.

Abin da ya tuno mini da wannan, kwanan nan na ga ana ta yawo da hotunan manyan jiragen ruwa na ƙasashen waje, tebura cike da abinci kala-kala, ana gardama ko abincin ya kai kuɗinsa. Ni ban san nasu ba. Har gobe ni mai tsumulmula ne, ina taya tumatir kamar zan sayi gona. Amma na sayi abubuwa da yawa da araha waɗanda ko tunawa da su ba na yi, wancan farantin kuwa da na biya ina ƙunƙuni, ban taɓa cin ribar ciniki irin tasa ba. Ina jinjina wa matar nan da ban ko san sunanta ba, wadda ta iya kifi, ta kuma san lokacin da ake yin shiru. Ina jinjina wa tsohon da ya nemo mana hanya ba tare da ya zubar da kunyarsa ko tawa ba.

A ciwonsa na ƙarshe ya sake daina cin abinci, wannan karon na gaske. Aka yi juyin duniya ya ƙi. Sai ya ce a kira masa abokin jirgi. Na hau babur daga Agiye na je, na tarar ba ya iya zama da kansa. Aka tayar da shi, na zauna a bayansa na juya, aka jingina shi da ni. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Mai ɗakina ta riƙe masa ludayi, ina jin kowace kurɓa tana sauka ta bayana. Da ya sha abin da zai iya, ya numfasa ya ce, "Malam, ka ga dorinar kuwa?"

Na ce, "Ban gan ta ba tukuna, Baba."

Ya ce, "To, ci gaba da dubawa. Kar ka juyo."

Ban juyo ba.