Akwatin da Ban Haɗa Ba

Bayan rasuwar mahaifinmu, mun tattara kasa-kasan karatunsa muka mai da su cikin kwamfuta. Ni na ajiye su a gidana na Gidan Dahala, inda nake da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu.

Sautin da ke cikin kwamfuta lambobi ne, sai wata na'ura ta juya su kafin kunne ya ji. Amfilifayata tana da tata a ciki. Amma na karanta cewa akwatin juyi na daban ya fi, na sa aka kawo mini, na jona da kaina. Daga ranar nake jin muryar Malam, mahaifin namu, kamar yana zaune a ɗakin.

Ina da aboki a Minanata, malamin makaranta, tsohon ɗalibin mahaifinmu. Shi da ƙaramin rediyonsa yake saurare, mai na'urar a ciki. Wata rana a gaban mutane na ce masa abin nasa cinye muryar Malam yake yi, ya zo ya ji na gaskiya. Murmushi kawai ya yi.

Ranar Juma'a bayan La'asar ya zo. Yayana ma ya zo, wanda ke gyaran kayan lantarki a Gidan Dare. Na kunna, na rufe ido.

"Kun ji numfashinai?" na ce. "Aikin akwatin ga na."

Abokina ya ce ya ji. Yaya kuwa ya dubi akwatin. Ya tashi ya leƙa bayan tebur, ya bi wayoyin da yatsa, ya daɗe a durƙushe.

"Wa yah haɗa maka wanga?"

"Ni, Yaya."

"To wayar kwamfuta amfilifaya tat tahi kai tsaye. Akwatin ga, wuta kawai shika ci."

Wata uku ke nan ina sauraren na'urar cikin amfilifaya, irin wadda na raina, ina yabon akwatin da fitilarsa kaɗai ke aiki. Na kasa ɗaga kai.

Yaya ya haɗa shi daidai, muka sake kunnawa. Ya tambaye ni ko na ji bambanci. Na so in ce na ji. Na saurara sosai, sannan na ce ban sani ba.

Abokina bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Cewa ya yi a bari karatun ya kai ƙarshe, don wannan darasin yana wurin aka yi shi. Ya zauna yana bin Malam da leɓe.

Da na raka shi ƙofa na ce, "Malam, ka yahe min maganar da niy yi."

Ya ce ba komai, ya hau babur ɗinsa. Na yi sati biyu ban iya bin hanyar Minanata ba, sai da shi ya zo ya ce mu je ta'aziyya tare.