Gwaggo da Takardar Jinin Tsohon Direba

A ofishinmu kowa Gwaggo yake kiranta, har manajan da ya girme ta. Da tafireta ta fara neman abinci, sai da ta yaye autarta ta koyi rubuta manhaja. Teburinta na jikin taga, madannan kwamfutarta duk haruffan sun goge.

Ita ta rubuta wa wani asibiti manhajar ma'ajiyar jini. Ta kasa mutane aji biyu, mai ba da jini da mai karɓa, kowane aji da umarni mai suna ɗaya, "wanda ya dace". Mutumin da ya shiga duka biyun yakan gaji umarnin kowanne, don haka ta ambaci mai karɓa da farko, domin yaren kwamfutar da take aiki da shi umarnin ajin da aka ambata da farko yake bi.

Bara muka mayar da manhajar wani sabon yare. Layi-layi muka kwafe, gwaji ya wuce lami lafiya.

Wata Talata da hantsi wata nas ta bugo waya daga asibitin. An kwantar da wani tsohon direba da ya shekara goma yana ba da jini, yanzu shi ke bukata.

"Gwaggo, takardar da manhajarku ta fitar ta ce kowane jini ya dace da shi. Bawan Allahn nan O ne fa, O kaɗai jikinsa zai karɓa."

"Kin sa masa?"

"Allah ya kiyaye! Ni da ba na sawa sai na gwada."

Gwaggo ta ajiye wayar, ta buɗe manhajar. Kafin la'asar ta gano bakin zaren: sabon yaren na ƙarshe yake bi, wato ajin mai ba da jini, sai ya lissafo waɗanda direban zai iya ba jini, su kuwa kowa ne.

"Ɗa ya tashi a gida biyu, dole ya ruɗe," in ji manaja. "Laifin yaren ne."

"A'a, yallaɓai. Yare bai yi mini alkawari ba. Ni na bar masa zaɓin da ya kamata in faɗa da bakina."

Ta raba wa umarnan suna, ta bi manhajar kaf, ta tono wasu wurare huɗu irin wannan. Kwana tara ba ta yi mana raha ba.

Ranar Asabar na raka ta asibitin. Direban ya ɗauka 'yar dubiyar gadon kusa ce, ya yi ta ba ta labarin manyan motocin da ya tuƙa. Sai da ya gama ta faɗa masa abin da ya faru.

Ya ce, "An gyara?"

"An gyara, baba."

"To, miƙo mini ruwan can."