Iyon 'Ya'yan Gaiwa

A shekarar da katangar gidanmu na Ƙofar Gayan ta zube aka yi wannan, bayan an koma tuƙin hannun dama, kafin babban farin da ya cinye shanu. Ban san lissafin boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Kakarmu, Iya Tasalla, suyar kifi ce sana'arta. Daga kududdufin bayan ganuwa ake kawo mata tarwaɗa da gaiwa. Sai Baffa Sale, ɗan cikinta, ya ga ƙugiya tana ɓata masa lokaci, ya tuttula maganin ƙwarin auduga a ruwan. Ranar nan, da kwando ya kwashi kifi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ruwa bai warke ba. Kifin da ya rage sai ka gan shi yana iyo a karkace, yana zagaye wuri ɗaya kamar mai hajijiya, kai ƙato, jiki kamar tsinke, ko ya ci ba ya kama jikinsa. Iya ta kife kaskonta. Ba ta zagi Baffa ba. Lokaci kawai take jira.

Bayan isha'i muke kewaye murhunta, har da Hanne, 'yar Baffa, sa'ata, siririya mai saurin haki. Ta fi mu duka son tatsuniya, ita ke shimfiɗa tabarma tun kafin a kira.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare," in ji Iya.

Wai wani mai haɗama ya zuba ɗaci a tafki. Tarwaɗa ta mutu nan take. Gaiwa ta yi dariya, ta nutse cikin laka, ta ce ta tsira. Ashe ɗacin ya riga ta kwanciya a lakar, ya shige kitsenta. Ita kuwa gaiwa, kowa ya sani, da rani jikinta take ci. Tana cin kitsen, tana cin ɗacin. Da ruwa ya sauko ta fito, ta kasa gane sama da ƙasa. Haka aka ƙyanƙyashe 'ya'yanta.

Na ce, "Iya, yaya suke iyon?"

"Hanne ta sani, ai kifin ubanta take ci. Tashi, 'yar nan, nuna musu."

"Iya, don Allah..."

"In ba ki tashi ba, ke da tabarmata har abada."

Ta tashi. Ta karkata kafaɗa tana zagaye murhu, tana haki, muna tafi. Iya ta ce, "A hankali, uwata, ina suka ga wannan ƙarfin?" Baffa yana zaure yana jin komai. Bai shigo ba. Kafin girbi ya kwashe iyalinsa suka bar birni, tabarmar da Hanne ta yi rawa dominta ba ta sake zama a kai ba.

Jikokina sukan ce Iya ta yi mugunta. Nakan ce, wa ya fara? An cike kududdufin yanzu, shaguna ne a kai, amma ni ba na shan ruwan rijiyar wajen. Sai da na tsufa na gane Iya ta san gubar da ke kisa nan take rahama ce. Wadda ke kwanciya a jiki ta zaɓa wa ɗanta.

Iya ta rasu, Baffa ya bi ta. Cikin masu tafin nan saura ni kaɗai. Hanne ma tana nan da ranta, mukan haɗu wajen biki. In mata suka miƙe rawa, ita ba ta tashi.