'Yan Ƙasa Ba Sa Hawa

Mai Agogo ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙen cikin lokaci da ido ɗaya, gilashi maƙale a kwarmin idon, har wayar hannu ta zo ta kwashe masa mutane. Shagon ya yi tsit, sai ƙas-ƙas ɗin agogunan da masu su suka manta. A cikin wannan shirun duniya ta ƙare masa, shi kuwa ya gyara zama ya fara tsara wadda za ta biyo baya.

Wasa ne na tebur. Kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, ya yi magana da bakinsa, ƙwayar lido ta yanke abin da zai faru. A labarin, hayaƙi mai guba ya cinye birane, waɗanda suka tsira suka haye wani dutse suka kafa ƙasa. Dutsen kuwa da kwali da siminti ya gina shi a kan teburin aikinsa, ya fafe masa kwazazzabai, ya ja shuɗin zare ya zama ƙorama, ya dasa haƙoran tsoffin agoguna suka zama injinan niƙa. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi matakalar asibiti tsawo ba!

Burinsa ɗaya ne. Ya tsufa a bakin ƙofofin ofisoshi da hula a hannu, yana son ƙasa guda, ko ta kwali ce, wadda mutum zai shige ta da gaskiyarsa kawai.

Ranar da aka fara wasan ya gayyaci Akawu, mijin ƙanwarsa da ya yi ritaya, da kuma Direba, abokinsa tun na yarinta. Akawu ya zaɓi gadin ƙofar dutse. Direba ya naɗa kansa ministan sufuri.

"Ai babu mota ko ɗaya a ƙasar," in ji Mai Agogo.

"To sai me, mutumina? Ofishin nake so."

Shi Mai Agogo makiyayi ya zama, da awakinsa na auduga. Ya karanta musu dokar farko: saboda gubar da ke gindin dutse, 'yan ƙasa ba sa hawa. Aka jefa ƙwaya, ta ce awakin sun gangara. Makiyayi ya sauka ya tattaro su, ya dawo bakin ƙofa.

Akawu ya gyara tabarau. "Tsaya nan. Kai ɗan ƙasa ne?"

"Ƙwarai. A ƙololuwa aka haife ni."

"To, 'yan ƙasa ba sa hawa."

"Haba! 'Yan ƙasa na ƙasa nake nufi, na can gindi, ba 'yan ƙasa na ƙasar ba."

"Yaya, ni abin da doka ta ce na sani, ban san abin da ke ranta ba."

"To ni ba ɗan ƙasa ba ne."

"Baƙo ke nan. Baƙo kuwa sai ɗan ƙasa ya shigo da shi."

Direba ya kwashe da dariya har injin niƙa ɗaya ya faɗo. Mai Agogo ya ce shi ya yi dokar, yanzun nan zai gyara ta. Akawu ya amsa cikin ladabi cewa gyaran doka sai a zauren majalisa, zauren kuwa yana can sama.

Mai Agogo ya dubi dutsen. Da hannu ɗaya zai iya kifar da shi. Amma ya san kowace tsaga a jikinsa, har yanzu akwai simintinsa a ƙarƙashin farcensa.

Direba ya matso ya rage murya. "Akwai 'yar hanya ta bayan ƙorama, ma'aikatata ce ke kula da ita. Akuya ɗaya kawai."

"Ni ban zana wata hanya a can ba."

"Ba a zana irinta, mutumina."

Akawu ya ɗaga kai yana nazarin silin, kamar kunnuwansa ma sun yi ritaya. Mai Agogo ya dubi garkensa. Can ya ɗauki ɗan hantsakinsa na gyara, ya tsamo akuyar da ta fi rama, ya ajiye a tafin hannun minista.