Manhajar da Ta Kasa Cewa A'a

Ranar wata Asabar ce da damina, bayan la'asar, a zaurena da ke Kaura Namoda. Mu biyu ne: ni da ƙanena mai gyaran waya a kasuwa. Na'urar wayifai ta gidana, mai ba mu intanet, tana tsakaninmu a kan tabarma.

Matsalar ita ce duk Juma'a ɗiyata da ke karatu a Sakkwato takan kira mu ta bidiyo, kuma duk Juma'a fuskarta takan daskare. Rabin unguwa na kan dakalina da wayoyinsu. Ni na ba su lambar sirrin, domin a wurinmu ba a hana maƙwabci ruwa, kuma ba wanda ya zauna ya ware wayifai daga wannan hukunci.

Ƙanena ya ce a cire manhajar da kamfani ya sa a na'urar, a zuba irin wadda masana suka rubuta kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Biyu ya kawo. Ɗaya mai sauƙi ce, danna nan, danna can. Ɗayar sai an rubuta mata umarni, amma tana iya raba layi biyu: mai faɗi ga 'yan gida, siriri ga baƙi, kowanne da lambar sirrinsa. Na zaɓi ta biyun ba tare da dogon tunani ba. Ina son abin da zai ce a'a a madadina.

Muka jona na'urar da batirin sola don kada a ɗauke wuta aiki ya lalace. Komai ya tafi daidai. Juma'ar farko muka ga ɗiyata tar, har mahaifiyarta ta lura ta rame.

Washegari maƙwabcina direba, wanda ya girme ni nesa, ya yi sallama. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, na'urar taka ba ta da lahiya. Mun yi magana da jama'a, za mu kai ta Gusau a duba maka."

Na ce ai lafiyarta ƙalau.

"To, naku na ciki yana ja?"

Ban iya yi wa dattijo ƙarya a zaurena ba. Na karɓi wayarsa, na sa masa lambar 'yan gida da hannuna, na roƙe shi ya bar ta a wurinsa. Ya ce haba.

Kafin magariba dakalin ya cika. Manhajar tana nan har yau, layin baƙi babu kowa a kansa. Kiran ɗiyata kuwa mun mayar da shi Alhamis, ranar da unguwa ke tafiya cin kasuwar Shinkafi.