Ɗangiwa Mai Huɗa Ya Rataye Karkiya

Da zarar ruwan shuka ya sauka, ba a sake ganin Ɗangiwa a majalisa. Yana sallame sallar asuba zai zarce turke, ya zuba wa bijimansa biyu dusa da kanwa, ya tsaya a kansu yana yi musu hira kamar masu jin Hausa. Kafin rana ta ɗago ya aza musu karkiya, ya ɗora garma a amalanke, sun kama hanyar gona. Haka muka taso muka same shi a ƙauyenmu da ke gefen hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, haka 'ya'yanmu ma suka taso suka same shi. Gajere ne mai kaurin wuya da taurin kai. In ka hango shi a bayan shanunsa sai ka rasa wa ya koyi tafiya a wurin wani.

Masu shanun huɗa ba su yi kaɗan ba a wancan lokacin, amma kowa da inda yake fara dosa. Danshin ruwan farko ba ya daɗewa, don haka kowane mai garma manyan gonaki yake rugawa, inda ake biya nan take. Ɗangiwa kuwa daga ƙasa yake farawa. Gayaunar tsohuwa, ɗan filin da aka yanka wa marayu a rabon gado, siririyar gonar da mace ta samu bayan rasuwar miji, su ne farkon layinsa. Ba ya karɓar kuɗi a hannunsu, don ya san babu. In kaka ta yi sai su tara masa harawa da kara, wani lokaci da ɗan damin dawa, abin da shanun za su ci har wata damina. Shanun su huɗe gonar, gonar ta ciyar da shanun. Tasa gonar kuwa ita ce ta ƙarshe kullum, abin da ya sa matarsa Atu ta yi mita har ta gaji ta bari.

Akwai shekarar da Malami, wanda ya fi kowa faɗin gona a garin, ya tare shi a hanya gaban mutane yana neman a fara da tasa, zai ƙara masa lada. Ɗangiwa ko tsayar da shanu bai yi ba.

"Kai kana da hatsin bara cikin ruhewa," ya ce. "Mu'minatu mi ag gare ta? Ka jira."

Malami ya jira kuwa, yana ƙunƙuni. Mu'minatu ɗin nan mijinta ya rasu ya bar ta da yara da wata gona mai tsawo marar faɗi, a manne da gonar shi Malamin, ciyawar gamba ce kawai ta raba su. Da wannan 'yar gona ta aurar da 'ya'ya mata biyu, kuma duk wanda ya tambaye ta yadda aka yi, sunan mutum ɗaya take kira bayan na Allah.

Kai ne, Baba Ɗangiwa, wanda bai taɓa sa mai ƙaramar gona ya ji ƙanƙanta ba. Na gaban garma, maganin saurar marayu. Ba mu taɓa gode maka a bainar jama'a ba, don mun ɗauka kai ma kamar damina kake, za ka zo ko an kira ko ba a kira ba.

Sai ɓarayin daji suka fara leƙo yankin. Wata ranar la'asar aka kore bijiman biyu daga wurin kiwo tare da shanun mutane. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Yana da wasu maruƙa da yake horarwa, ya ƙarasa horar da su, suka yi damina guda suna aiki, aka dawo aka kore su su ma. Daga nan kowa ya gane cewa ajiye sa a ƙauyen nan kiran masifa ne. Masu sauran shanu suka sayar, turaku suka zama wayam.

Ɗansa Uthman, malamin makaranta ne a Tambuwal, shi ya zo da maganar ƙaramar tarakta, irin wadda mutum yake bi a baya yana riƙe da ita kamar kan babur, wadda ake ce wa injin huɗa. Ba da wasa ya zo ba, kuma ba da rashin hankali ba. Ya ga tana aiki a Dogon Daji, ya ga kunyar da take tayarwa. Matsalar ɗaya ce: kafin a saye ta sai an sayar da fadamar da Ɗangiwa ya gada, inda yake noman albasa da rani. Ita ce ke riƙe da gidan, tunda gonar tudun ba ta taɓa ciyar da su shekara ba.

"Baba, ƙarfe na," in ji Uthman. "Ba a kora tai awa sa. Ko sun zo ba su da yadda za su yi da shi."

Wannan maganar ta shige shi, domin gaskiya ce. Ya kwana yana juya ta ya tashi yana juya ta. In ya sayar da fadama ya sayi injin, zai ci gaba da huɗe wa mutanensa. In bai saya ba, su Mu'minatu ba su da kowa, don manyan taraktocin haya ba sa kunna inji saboda gonar da ko juyawa ba za su iya yi a cikinta ba. Amma da ya zauna da kansa sai tambayoyi suka yi masa yawa. Gonarsa wuni guda injin zai gama ta, sauran shekara ya zauna a zaure yana tsatsa. In wani abu ya karye a ciki tsakiyar damina, sai an je Sakkwato, a samu ko a rasa. Sa in ya tsufa ƙiba yake yi, a kai shi kasuwa a musanya da matasa biyu, ga takin da ya bar maka a turke. Abin da ya fi ci masa rai shi ne cimar injin. Ba ya cin harawa, ba ya cin kara, sai mai, kuma mai gidan mai ba zai karɓi damin dawa bayan kaka ba. Ke nan ko dai ya fara ce wa tsofaffin mata su biya kafin ya shiga gonarsu, ko kuma ya bar su ya koma manyan gonaki kamar kowa.

Duk da haka bai ce a'a ba. Ya ce a kawo ya gwada da hannunsa.

Uthman ya roƙi wani abokinsa Gazali, mai irin injin a Dogon Daji, ya ɗoro injin a mota washegarin wani ruwa mai kyau. Ɗangiwa ya ce ba a gonarsa za a gwada ba, a ta Mu'minatu, tunda ita ce farkon layi. Rabin gari ya biyo kallo. Gazali ya yi kunya biyu, ya nuna masa ɗan ƙarfen da ake ja in ana so injin ya tsaya, ya maimaita masa, sannan ya ba shi hannu.

Wallahi ranar mun ga Ɗangiwa ya koma saurayi. Ƙasa na tsagewa a gabansa kamar ana yanka tuwo, kunya na tashi miƙaƙƙiya, shi kuma yana bin injin yana murmushi har wushiryarsa ta fito. Mata suka fara guɗa. Mu'minatu ta riƙe baki. A zuciyarsa, kamar yadda ya faɗa daga baya, ya riga ya sayar da fadama.

Sai ya iso ƙarshen gona. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa tsayar da garma da hannu ba, da baki yake yi. Ya ɗaga murya kamar yadda ya saba.

"Hoo! Tsaya!"

Injin bai san wannan ba. Ya ratsa gambar iyaka, ya faɗa cikin geron Malami da ya riga ya tsiro kore shar, yana tafe yana birkice shi. Ɗangiwa na biye yana ja da ƙarfinsa yana ta kiran sunan Baƙi, bijiminsa na farko da aka sace. Gazali na gudu yana ihun a ja ƙarfe. Kafin ya cim masa an yi wa geron aika-aika. Dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa ƙasa, kuma ba na ganin laifinsu, don abin da ban dariya. Amma wanda ya dubi fuskar tsohon bai yi dariya ba.

Ya juya wurin Malami yana jiran faɗa, da ma faɗan aka yi da ya fi masa sauƙi. Malami ya dubi geron, ya dube shi, ya sassauta murya.

"Bar shi, Baba, ba komi. Tsufa na, kowa na zuwa nan."

Ɗangiwa ya kaɗe hularsa ya koma gida. Uthman ya bi shi yana cewa kuskuren farko ne, kowa na yi, gobe zai saba. Uban ya ce ya sani, ba don wannan ba ne.

"Injin shina da kyau, Usumanu, ban ga aibu nai ba. Mai babbar gona da aljihu da ƙarfin ƙuruciya shi saya, ya yi mai daidai. Ni in na saida fadama don shi, bana in huɗe ma mata da man bashi, baɗi in rasa na zubawa, baɗin waccan in saida shi ga 'yan gwangwan. Sannan ba fadama, ba inji, ba shanu. Ba ni saye."

"To su Inna Mu'minatu fa?"

Ɗangiwa ya kau da kai ya shige ɗaki.

Damina ta zagayo, ba sa, ba inji. Sai ga Ɗangiwa da galma ta hannu a kafaɗa, irin wadda ya ajiye tun yana yaro, ya nufi gonar Mu'minatu. Abin da shanu ke gamawa kafin hantsi ya ɗauke shi kwanaki bai kai rabi ba. Danshi ya tafi ya bar shi. Wata rana ta kawo masa fura ta same shi a duƙe ya kasa miƙewa, yana riƙe da ƙugu. Ta ajiye ƙwaryar ta durƙusa.

"Baba, don girman Allah ka bari. In ka mutu cikin gonag ga, mi zan ce ma Atu? Na yafe huɗar."

A kan babur aka mayar da shi gida, kuma tun daga ranar bai ƙara riƙe garma ba. Da rani Mu'minatu ta sayar da gonar. Wanda ya saya ya haɗa da na wasu mata uku da su ma suka gaza, ya kira babbar tarakta ta baje iyakokin ta mayar da su fili ɗaya. Yanzu ita da sauran suna zuwa wannan filin roron wake a biya su da yamma. Da Ɗangiwa ya samu sauƙi ya dogara sanda ya je wurin. Ya daɗe yana zagaye, ya kasa gane daga ina gonar ta fara, a ina ta ƙare.

Baba Ɗangiwa, lissafinka daidai ne, kuma daidai ɗin bai ceci kowa ba. Wannan shi ne abin da ke ƙona mana rai. Ka riƙe fadamarka, iyalinka na ci, amma mun san ba ka jin daɗin lomar. Kai ne ka tsare ƙananan gonakin garin nan tsawon rayuwarka ba tare da an naɗa ka ba, kuma da ka faɗi ba wanda ya ɗauka. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ƙugun nan, ya sa abin da ka yi wa marayu ya tarye ka.

Ku kuma masu injin, na Jabo da Dogon Daji da Sanyinna da cikin Tambuwal, ba a ce ku yi asara ba. Ku ware ko da safiya ɗaya in ruwa ya sauka, ku fara da gonar da ba za ta iya biyanku ba. Masu albashi a cikinmu kuma mu zuba man.

Da aka gaya masa za a yi rubutu a kansa, tsaki ya yi, ya gyara zama a kan buzunsa da ƙyar.

"Yabo mi zai yi min? Ku rubuta akwai sauran gonakin mata shida da ba a saida ba. Ku tambaya wa zai huɗe su baɗi."

An tambaya a masallaci, an tambaya a kasuwa. Gizagizai sun fara haɗuwa a gabas, kuma har yau ba wanda ya ce shi ne.