Murhun da Injiniya Ya Ƙera wa Matarsa

A layin masu walda kowa Injiniya yake ce masa, duk da cewa ƙofofi da tagogi ne sana'arsa. Rediyo yake da ita a rataye jikin ƙusa, ba ya kashe ta. In an ce ƙanƙara na narkewa a ƙarshen duniya, sai ya ajiye guduma ya yi tagumi. In an ce dazuzzuka na ƙarewa, ranar ko abinci ba ya masa daɗi. Maƙwabcinsa mai faci kan ce, "Injiniya, duniyar nan a kanka aka ɗora ta ne? Sauke ka huta."

Wata rana rediyon ta ce hayaƙin girki na cin rayukan mata da yawa. Wannan karon maganar gidansa ta shigo. Matarsa ta daɗe tana tari, irin wanda sai ta dafa bango, kuma likita ya riga ya ce muddin ba ta rabu da hayaƙi ba, ƙirjin ba zai kai ta nesa ba. Gas kuwa ya fi ƙarfinsu.

Ya yanka tsohuwar ganga, ya shafe cikinta da yumɓu, ya sa mata bututun da zai fitar da hayaƙi waje, ya yi mata ɗan ƙaramin baki don kada itace ya tafi a banza. Ya gwada a shago, ruwa ya tafasa nan da nan. Ya turo ta gida a baro.

"Maman yara, daga yau kin yi sallama da tari."

Ta zagaya murhun tana kallo. "Sannu da aiki. Wannan jirgin ƙasa ne? Ina direban?"

Ta yi godiya. Kullum ya dawo sai ya tarar da murhun a goge tas. Tari kuwa sai abin da ya ƙaru.

Ranar da aka ɗauke wutar lantarki a shago tun da hantsi, ya koma gida ba zato. Ya same ta gaban duwatsunta uku, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin girkin. Murhunsa na gefe, an kife masa kwanuka a kai.

"Haba, baiwar Allah! Kashe kanki za ki yi?"

Sai da tarin ya sake ta sannan ta amsa. "Bakinsa ba ya cin itace sai an faskara sirara. Wa zai faskara? In na ɗaga gatari numfashina ɗaukewa yake. Ga shi dogo, ni kuma a zaune nake juya tukunya. Ga wutar a ɓoye, ban san lokacin janye itace ba."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ga kana murna ne. Kai ma ai ba ka tambaya ba."

Duk tsawon aurensu bai taɓa zama ya ga yadda take girki ba. Washegari ya ɗauko kujera ya zauna kusa da ita. Matan gidan hayar suka leƙo suna dariya: "Injiniya, zani za mu saya maka?" Ya mai da hankalinsa kan matarsa. Ya ga yadda take tokare tukunya da ƙafa, yadda take tura dogon itace kaɗan-kaɗan, yadda take duƙawa ta hura wuta fuskarta cikin hayaƙi.

Ya ƙera na biyu gajere, daidai gwiwarta, mai faɗin baki. Ta ce tukunya na rawa a kai. Ya koma shago. Kafin ya gama na uku, mai 'yar tagar ganin wuta, ciwo ya kwantar da ita.

Ƙanwarta ce ta kunna shi. Aka riƙo matar Injiniya zuwa bakin ƙofa, ta zauna ta daɗe tana kallo. Wuta na ci, ɗakin garau.

"Wannan ya yi," in ji ta. "Ka yi wa matar mai faci ɗaya, ita ma ta fara tari. Amma ka je ka zauna ka gani tukuna. Da hagu take aiki."

Ba ta taɓa ɗora tukunya a kansa ba. Ta rasu kafin watan ya fita.

Bayan an watse daga zaman makoki, ya yi sallama a gidan mai faci, ya roƙi a ba shi wurin zama kusa da inda ake girki. Hayaƙi ya cika masa ido, babu wanda ya tambaye shi dalilin hawayensa.